Itacen da Ake Wankewa da Wanda Ake Ciyarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masassaƙa a Kalgo ko a Gwandu ya san abin da gizago ke fitarwa daga cikin gungume a ƙasarmu: turmi da taɓarya, akushi da muciya, 'yar kujerar mata ta tsakar gida, ƙotar fartanya, sai kuma allo. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ba za ka sami mai ido ko mai hanci ba. Wata rana na nuna wa wani dattijon masassaƙi hoto a wayata, hoton wani mutum-mutumin itace mai ƙaton kai, yana tsaye ƙyam, ya ɗaga hannu ɗaya sama. Ya daɗe yana kallo. Ya yaba yadda aka fitar da wuya da kafaɗu, ya ce wanda ya yi wannan gizago na jin maganarsa. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce, “Ɗana, wanga aiki ba namu ba na. Mu nan icce in bai ɗauki hatsi ba, to karatu shika ɗauka.”

Abin da ke cikin hoton sunansa bateba, sassaƙen mutanen Lobi ne. Tun daga ranar nake jera shi da allo a raina. A duk kayan da masassaƙinmu ke yi, allo ne kaɗai ake hana yaro ya tsallake, shi kaɗai ake ɗagawa daga ƙasa da hannu biyu, shi kuma ake nufa idan ciwo ya ƙi jin magani. Mun ba shi matsayin da ya wuce na itace, kamar yadda Lobawa suka ba bateba. Mai gaggawa zai ce wancan gunki ne, wannan allo ne, ya kaɗe rigarsa ya wuce. Ni dai na ga akwai abin tsayawa a duba.

Lobawa manoma ne. Suna zaune a kudu maso yammacin Burkina Faso a kewayen garin Gaoua, da arewa maso gabashin Kwaddibuwa wajen Buna, da wani yanki na arewa maso yammacin Gana. Daga ɓangaren Gana suka ƙetaro kogin Baƙar Bolta a wajen shekarun 1770, daidai lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke fara wa'azi, ƙanensa Abdullahi yana yaro. A gargajiyarsu ba su da sarki, ba su da hakimi, ba su da dagaci. Gidajensu na ƙasa ne masu kauri kamar ganuwa, kowane gida nesa da ɗan'uwansa, an kuma san su da baka da kibiya mai dafi, har Faransawa ma sai da suka ji jiki kafin su mallake su. Bahaushe, wanda ya saba da cewa gari ba ya zaunuwa sai da sarki, zai tambaya: to wa ke hana ɓarna? Amsarsu ita ce thila.

A ƙaulinsu, Mahalicci, wanda suke kira Thangba, ya taɓa ciyar da mutane ba noma ba wahala, bisa sharaɗin kada su yi sata, kada su yi kisa, kada su ɗauke matan juna. Da suka karya sharaɗin sai ya juya musu baya, ya bar su da fartanya da ciwo da mutuwa. Sai dai ya bar musu wasu halittu da ido ba ya gani su riƙa kula da su. Su ne thila, guda ɗaya kuma thil. Kowane ƙauye da nasa thil da abubuwan da ya hana, iyakar ƙauye ma ita ce iyakar masu kiyaye wannan hani. Kowane gida ma da nasa. Thil ba shi da jiki, ba shi da harshe. In yana son abu sai ya aiko da ciwo, ko ɓari, ko mugun mafarki, ko gona ta ƙi. Mutum sai ya tafi wurin mai duba, wanda suke kira buor. Ba zai faɗi abin da ya kawo shi ba, aikin mai duban ne ya gano. Mai duba zai riƙe hannunsa yana jefa wa thila tambayoyi, motsin hannuwan nan biyu da ke haɗe shi ne i ko a'a. A ƙarshe akan tashi da umarni: a yanka kaza, ko a gina wurin tsafi, ko a sassaƙa bateba mai siffa kaza a ajiye.

Wani masanin al'adu, Piet Meyer, ya zauna da su, ya rubuta littafi a kan fasaharsu da addininsu, wanda ya fito a 1981 tare da baje kolin da gidan tarihi na Rietberg ya yi a Zurik. Ta bakinsa yawancin duniya ta ji cewa a wurin Balobe bateba halitta ce mai rai, tsakanin mutum da thil, ɗan aiken thil kuma mataimakinsa. Muddin yana hannun masassaƙi itace ne. Ranar da aka ɗora shi a wurin tsafi ya zama mai gani, mai ji, mai tashi da dare ya tafi aiki. Siffarsa kuwa ita ke faɗin aikinsa. Akwai na gama-gari, tsaye, hannuwa a sake, fuska a murtuke. Akwai wanda ya ɗaga hannu ɗaya ko duka biyu, irin na cikin wayata, shi ke tare hanya ya yi dambe da mayu. Akwai mai kai biyu da ke ganin gaba da baya. Akwai wanda ya zauna ya miƙe ƙafafu kamar gurgu, ba ya zuwa ko'ina, gida yake tsaro. Akwai mace da goyo, akwai namiji da mace a haɗe, na masu neman aure ko haihuwa.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne wanda suke kira yadawora, mai baƙin ciki. Aikinsa shi ne ya ɗauke wa mai gida wani kaso na ɓacin ransa, ya yi makoki a madadinsa. Ban yarda itace na kuka ba. Amma mutanen da suka zauna suka yi tunanin sassaƙa wanda zai taya su kuka, sun san zafin rashi kamar yadda muka san shi.

Nisan da ke tsakaninmu da su bai kai yadda taswira ke nunawa ba. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, kasuwar Jega na cikin manyan zangunansu a ƙarni na 19, daga nan su ƙetare Kwara su nufi Salaga. Cikin kayan da jakai ke ɗauka har da allo da kurtun tawada, don ayari ba ya tafiya ba malami. Alhaji Umaru, malamin nan na Salaga da Karaki wanda ya rasu a 1934, a cikin sunansa akwai al-Kabawi, wato tsatsonsa na Kabi ne. A garuruwan Wa da Buna, ƙofa da ƙofa da Lobawa, Wangarawa sun daɗe da masallatai da makarantu. Ikon Gwandu ma ya kai Liptako, inda garin Dori yake a Burkina Faso ta yau. Allo ya je maƙwabtan bateba tun da daɗewa, suka ga juna, mafi yawan Lobawa suka ci gaba da abinsu.

Mu dawo gida. Gwandu ta zama sansanin jama'ar Shehu a 1805, shekarar da Abdullahi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi. Da aka raba kula da ƙasa a 1812, yamma ta faɗo hannunsa, a Gwandu ya ƙare rayuwarsa a 1829, nan hubbarensa yake. Mutumin nan ya rubuta tafsiri sukutum, Liya'ut Ta'awili, ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan mulki da shari'a, ya rubuta Tazyinul Waraƙati. A cikin Ida'un Nusuki, inda ya lissafa malamansa, ya faɗi cewa wurin mahaifinsu ya karanta Alƙur'ani, yana da shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa. Ko bayan ransa garin bai rabu da littafi ba. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bature matafiyi Barth ya sauka a Gwandu, a nan ya sami kwafin Tarihus Sudan, littafin da ya buɗe wa Turai tarihin Songhai. Duk wannan tulin takardu, idan ka bi sawunsa baya, a kan ɗan katako mai faɗin tafi biyu zai ajiye ka.

Aduwa aka fi so a yi allo da ita, don itacenta na da ƙarfi, yana yin santsi, kuma yana jure wanki. Masassaƙi zai fafe shi da gizago, ya fitar masa da kai na riƙewa, wani ma a naɗe kan da fata, ƙasansa a yi masa 'yan ƙafafu biyu yadda zai zauna a cinya. Wasu masu nazari na cewa siffar mutum ce a ɓoye, ga kai ga kafaɗu ga ƙafa. Ni ban taɓa jin masassaƙi ya ce haka yake nufi ba, amma tun da na ji maganar na kasa daina ganinta. Tawada daga zuge da ƙaro ake dafa ta, alƙalami na gamba ne, a fiƙe shi da aska. Kolo zai fara da babbaƙu, yana rera sunayen haruffa irin namu, su alu da ambaki da lam-jaye da ha-ƙuri, sannan farfaru, sannan ya shiga surori daga ƙasa yana hawa. Malam ko gardi ya rubuta masa, ya biya, ya yi ta maimaitawa har ya zauna. Ba zai wanke ba sai malam ya saurara ya ce ya yi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san daɗin wannan izini, ya kuma san kunyar wanda allonsa ya kwana uku da rubutu ɗaya, tawada har ta fara dushewa. Ruwan wankin ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Ranar sauka kuma sai a fito da allon zayyana, an ƙawata shi da ja da ruwan ɗorawa da kore, zane ne na layuka da kusurwoyi, babu fuskar kowa, yaro ya ɗauka ya zaga dangi yana karantawa ana ba shi tukuici.

Ga bambancin farko da ido ke gani. Bateba ba a wanke shi. Yana tsaye a ɗaki mai duhu, ana zuba masa jinin kaza, ana manna gashinta, ana yayyafa masa giyar dawa da ƙullun gero, shekara da shekaru, har jikinsa ya yi ɓawo. Wannan ɓawon shi ne shaidar an kula da shi, shi ne ma abin da dillalan Turai ke dubawa su ce wannan na gaske ne. Allo kuwa darajarsa a wanki take. Allon da ya yi baƙi-baƙi ya yi sheƙi, ya sha wanki sau dubu, shi ne na mai ƙoƙari. Abin da aka rubuta a kansa ba a nufin ya zauna nan, ƙirjin yaro ake so ya koma. Ƙarshen tafiyar ma shi ne a wayi gari ba a bukatar allon: alaramma ya zauna da takarda ya rubuta izu sittin da ka. Shi kuwa babban mai tsafi a ƙasar Lobi, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon cikar ɗakinsa da sassaƙe, kowace matsala ta zo ta bar nata a tsaye.

Da na kai nan sai na ga kamar na gama, na ce su ƙarfinsu a itace yake, mu namu a kalma. Amma maganar ba ta tsaya ba, don Balobe ma ba wawa ba ne. Ya san maƙwabcinsa ne ya sassaƙa abin, ya ga lokacin da aka saro itacen. Sassaƙa a wurinsu ba sana'ar gado ba ce, kowane namiji na iya yi, wani ma thil ne ke tilasta masa, kuma ba a cewa sai kyakkyawa ne zai yi aiki. In gara ta ci bateba, ana iya sassaƙa wani. Ƙarfin na thil ne, itace masauki ne. Kuma ba su ce bateba ne ya halicce su ba. Wannan bayani bai fitar da abin daga shirka ba a ma'aunin Musulunci, don Alƙur'ani ya ba da labarin masu riƙon wasu a tsakaninsu da Allah, bai karɓi uzurinsu ba, yanka kuma ga Allah kaɗai ake yi. Amma in za ka ƙi abu, ka ƙi shi a kan abin da masu shi suka ce, kada ka ƙaga musu wautar da ba su yi ba.

Inda na ga bambancin ya fi nauyi shi ne a nan: me ke kan itacen, kuma wa ke iya bincika shi? Umarnin thil na mutum ɗaya ne, a kan matsala ɗaya, ta hannun mai duba ɗaya. Wanda bai gamsu ba sai dai ya je wurin wani mai duban. Babu wani rubutaccen abu da zai ɗauko ya ce ga inda aka yi kuskure. Abin da ke kan allo kuwa a zaure ake karanta shi da ƙarfi, kowa na ji. Wanda aka rubuta wa ɗan sarki shi aka rubuta wa ɗan masunci. Abin da kolo ke biyawa a Kalgo shi ake biyawa a Fas da Tambutu, da ruwayar Warshu ɗaya. In malam ya tsallake wasali, gardi na iya cewa, “Allah gafarta Malam, a sake dubawa,” kuma dole malam ya duba. Ina ganin wannan ne ya sa allo ya iya haifar da alƙali da mufti da marubuci, har ya haifar da mutanen da suka tsaya gaban sarakunan Gobir suka ce abin da kuke yi ya saɓa wa abin da ke rubuce. Bateba ya riƙe wa Lobawa ƙauyukansu ba tare da sarki ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk wanda ya ga abin da sarauta ke iya yi wa talaka ba zai raina shi ba. Amma dokar thil ba ta wuce iyakar masu tsoronsa.

To sai dai laifi tudu ne. Allo na da rayuwa biyu a ƙasar Hausa, kowa ya sani. Akwai allon hantsi na karatu, akwai allon da ake jawowa bayan an sallami yara. Tsoron da ke kai Balobe wurin buor shi ke kai mu wurin malam: maye, sammu, kishiya, baki, haihuwa da ta ƙi, kasuwa da ta tsaya. Ni ma na sha rubutu. Inna kan miƙo mini ƙoƙo da asuba ranar jarrabawa ta ce, “Shanye duka, kada ka rage,” ga ɗacin zuge ga ɗanɗanon ƙaro, har yau ina jin sa a harshena. Malamai sun yi saɓani a kan haka tun da daɗewa. Cikin magabata akwai waɗanda suka halatta a rubuta aya a wanke a ba maras lafiya, Ibnul Ƙayyim ya kawo haka, akwai kuma waɗanda suka ƙi, kuma tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 gardamar ta shiga kowane zaure a Arewa. Ba wannan ne ya dame ni ba. Wanda ya sha ayar da ya sani, yana mai imanin Allah ke warkarwa, na fahimce shi.

Abin da ya dame ni shi ne ɗaya nau'in: hatimin da babu mai iya karanta shi, sunayen da ba a san na wane ne ba, a ce sai baƙin zakara, sai tsakar dare, sai an binne a mararraba, kada kuma a gaya wa kowa. A nan duk abin da ya ɗaukaka allo ya tafi. Babu gardin da zai gyara, babu littafin da za a duba, saura mutum mai tsoro da mutum mai asiri. Itacen na aduwa ne, haruffan na Larabci ne, amma zaman da ake yi zaman buor ne. Har ma buor ya fi wasu namu sauƙi ta wani gefen. Duba a wurin Lobawa nauyi ne da thil ke ɗora wa mutum, da yawa gudunsa suke yi, don ladansa kaɗan ne kuma yana hana noma. Namu kuwa wani har da mota.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya yi magana a kan masu gauraya Musulunci da yanka ga itatuwa da duwatsu, ya kuma haɗa da masu rubuta Alƙur'ani da sunayen Allah da jini ko a kan ƙazanta. Wato tun a zamaninsa ya ga cewa rubutu ma ana iya mayar da shi tsafi. Tarihin Kano ya ba da misalin da ya fi kowanne. Akwai wani abu da ake kira Dirki, wanda sarakunan Kano suka daɗe suna yi wa yankan shanu don neman tsari. An naɗe shi da fata bisa fata. Da Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka sare shi da gatari, abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. Littafin da aka saukar don a karanta, an rufe shi, an yi masa ɓawo, ana ciyar da shi da jini. Ban san abin da ya fi wannan kama da bateba ba. Su ma 'yan bori ba su bar allo ba. A cikin iskokinsu akwai Malam Alhaji, kuma kamar yadda kowane iska ke da tserensa, shi nasa kayan malanta ne, su rawani da tasbaha. Bori kan ajiye wa iska kayansa, Lobawa kan sassaƙa wa thil ɗan aike. Tazarar ba ta da yawa.

Yanzu kuma kasuwa ta haɗa su. Tun zamanin mulkin mallaka wani gwanin masassaƙi na Gaoua, Sikire Kambire, wanda ya rasu a 1963, ya riƙa yi wa Faransawa aiki, yana sassaƙa abin da babu thil ɗin da ya nema. Bayan da Turai ta waye da bateba sai dillalai suka bazu ƙauyuka, wani a saya, wani a sace daga ɗakin tsafi, wani a sassaƙa jiya a shafa masa toka da jini a ce na kaka da kakanni ne. Alluna ma sun bi wannan hanya. Akwai allunan zayyana na ƙasar Hausa a gidajen tarihi da shagunan kayan fasaha na Turai da Amurka, an rataye su a bango ana yaba launi. Ka tuna su biyun a bayan gilashi: bateba ba mai ba shi kaza, allo ba mai wanke shi. Wanda bai yi makarantar allo ba zai ga ado. Ni abin da nake gani shi ne darasin da aka tsayar, yaro bai samu izinin wankewa ba.

A wani abu ɗaya dai mutanen Gaoua sun riga mu. Suna da gidan tarihi a garinsu, wanda wata Bafaranshiya mai bincike, Madeleine Père, ta tsaya aka kafa, inda ɗan Lobi zai shiga ya ga kayan kakanninsa a ƙasarsa, da bayanin abin da suke nufi. Mu kuwa da muke taƙama da cewa namu itacen ilimi ya ɗauka, tsofaffin allunanmu na jingine a zaurukan Gwandu gara na ci. Aduwa na ƙarewa a murhu da buhunan gawayi. Yaran Islamiyya sun koma littafin rubutu da biro, ba laifi ba ne, amma da yawansu ba su san ha-ƙuri ba, ba su taɓa ganin an dafa tawada ba. Dattijon da na nuna wa hoto ya ce mini turmi ne ke ciyar da shi, allo sai jefi-jefi.

Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga masarautar Gwandu, ga zuriyar malaman da suka gaji zaurukan nan. Ɗaki ɗaya ya isa a fara. A tattara allunan tsofaffin alarammomi da sunayen masu su, da allunan zayyana, da kurtu da alƙalami da gafaka. A aika ɗalibai su zauna da masassaƙa da masu zayyana su ɗauki bayaninsu da muryarsu tun suna raye. Wanda kuma yake da allon kakansa a gida, in dillali ya zo tayi, don Allah ya ce ba na sayarwa ba ne.